Shekarar da Na Yi Wa Kokwamba Ɗura a Tondibiya

Duk ranar Lahadi sai samari sun sauko garkata a Tondibiya, wasu da fararen takalma, su tsaya tsakiyar kokwamba su ɗauki hoto kamar su suka shuka ta. In sun gama, sai ɗaya ya ce, "Tonton Illa, mu ma garka za mu yi. Mene ne a ciki? Iri, ruwa, angire, bayan wata ɗaya da rabi sai kwasa." Ni kuwa in yi ta dariya, har in gama tumbina bai gama ba. Iri da ruwa ban ja da ku ba. Amma angiren nan, takin zamani, da kuke faɗa kamar sukarin shayi, shi ya kusa kora ta daga bakin kogin nan da tabarmata a ka. Shi ya sa na zauna na rubuta muku yadda aka yi, don in kun tashi yin wauta ku nemi sabuwa, kada ku maimaita tawa.

Ni Bagobiri ne. Na zo Yamai da ƙuruciyata, na zauna unguwar Bukoki, na yi shekara tara ina tuƙin taksi har bayana ya lanƙwashe ya ɗauki siffar kujera. Cikin masu hawa motata akwai wani tsoho Bazabarme, Baba Hamani, mai garka a Tondibiya. Ni nake kai masa buhunan kaya kasuwa. Kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne, babu wanda ke jin haushin wani, don haka tun daga garka har kasuwa zagi muke yi. Ranar da na ce masa likita ya hana ni dogon zama, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To zo ka tsaya. Ina da arozuwar biyu da ba su da jaki."

Aikina na farko ke nan, arozuwar biyu, manyan butocin ban ruwa, ɗaya a kowane hannu. Injin moto-pompo na jawo ruwa daga kogi ya cika ramin siminti, daga nan kuma ƙafarka ce pompo. Ka tsoma, ka ɗauko, ka bi fangali kana zubawa a gindi a hankali, ba ka watsa wa ganye ba. A makon farko hannuwana sun ƙara tsawo, na rantse sai da na riƙa sosa gwiwa ba tare da na sunkuya ba. Na koyi kalme, fartanyar nan, na koyi ɗan ƙarfen sassaƙar ƙasa da ake bi tsakanin shuka, na koyi gane iri mai rai da wanda ya kwana biyu a rana a teburin ɗan kasuwa.

Aikin da na fi tsana shi ne toka. Duk ƙarshen mako Baba Hamani zai tura ni wurin masu injin casar shinkafa in ciko amalanke da buntu. In na kawo, mu tara shi tudu, mu sa wuta a ciki, mu bar shi yana cin kansa a hankali kwana biyu, ba harshen wuta, hayaƙi kawai. In ya huce ya zama toka mai ɗan ƙaiƙayi a hannu, sai a zuba tafi biyu a kowane fangali a cuɗa da ƙasa kafin shuka. Ga kuma ramin taki a bayan bukka: kashin shanu, kashin kaji, busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a juya, a rufe, ba a taɓa shi sai ya yi baƙi ya daina wari. Na tambaye shi amfanin tokar. Ya ce, "Babana haka ya yi." Na ce a raina, wannan dai camfin tsofaffi ne. Na koma gida da toka har cikin kunne, matata Rabi ta ce da ta san fatalwa za ta aura da ta nemi ƙarin sadaki.

Bayan shekara guda ya kira ni gefen garka ta yamma, ya nuna mini fangali ashirin da sandarsa. Ya ce, "Aro na ba ka. Ka noma, ka riƙa kawo wa gida rabonsu. Amma ko zogale kada ka dasa." Ku samari ku riƙe wannan. A nan wanda aka ara wa ƙasa ba ya dasa itace, don itace ya fi mutum daɗewa, kuma shi ne shaida. Wanda aka ce wa dasa, an ce masa zauna. Wanda aka ce wa noma kawai, kowace shekara ana iya ce masa sai anjima. Kuma akwai mai son a ce mini hakan. Babban ɗan Baba, Saidu, yana da masu buga birki, wato bulon gini, da ke son wurin, ga yashi kusa, ga ruwa, ba ciwon kai. Ba mugu ba ne, lissafinsa dai ba na ganye ba ne.

Akwai wata al'ada a bakin kogin nan. Da safe masu garka suna bin siririyar hanya ɗaya zuwa wurin pompo, kowa ya wuce ta gefen shukar ɗan'uwansa, a gaisa, a leƙa. In shukarka ta yi kyau, mai wucewa ya ce, "Ganye ya yi!" Babu yabon da ya fi wannan a wurinmu. Ni sabon mai garka, tsohon direba, wanda ake ce wa "Taksi" a bayan ido da gaban ido, ba abin da nake so a duniya kamar in ji an ce mini ganye ya yi.

Sai na sayo buhun ire, farin angiren nan mai kama da sukari. Can gida na ga yadda yake tayar da masara, a nan ma na ga masu shinkafa suna watsa shi da hannu biyu. Na shuka kokwamba fangali goma sha biyu a farkon sanyi, sauran na sa salati da albasa. Toka ban sa ba. Taki ruɓaɓɓe ban jira ba, ɗanyen kashin kaji na zuba. Na matse ramukan shuka kusa da kusa don in sami yawa. Daga mako na biyu kuma, duk Juma'a sai na bi fangali da ire cike da tafi, kamar mai rabon sadaka.

Jama'a, ganye ya yi. Ganye ɗaya ya isa a yi wa jariri lema. Kore shar har yana ɗaukar baƙi, mai taushi kamar kunnen ɗan maraƙi. In ka shiga ciki da safe sai an yi kiran sunanka a gane inda kake. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. "Kai Taksi, ganye ya yi!" Na sayi sabuwar hula saboda maganar nan.

Baba Hamani ya zo ran nan ya tsaya, ya kama ganye ɗaya tsakanin yatsu biyu, ya murza, ruwa ya fito. Ya ɗaga rassan ya leƙa ƙasa, duhu da gumi kamar ɗakin da ba taga. Ya ce, "Bagobiri, ɗura kake yi mata?"

Na ce, "Baba, hassada ce. Naka ganyen kamar ya yi jinya."

Ya ce, "Mu Zabarmawa kuke yi wa gorin cin kopto, kwaɗon ganye, ko ba haka ba? To mu da muka san ganye, ko mu ba mu cin na kokwamba. Wa za ka sayar wa wannan?"

Na yi dariya, ya yi dariya, ya tafi.

Kwana goma bayan haka, ina ban ruwa, na ga wani ɗan farin tabo a tsohon ganye na ƙasa, kamar an ɗiga garin tuwo. Na goge da yatsa, ya fita. Bayan kwana uku ya dawo da danginsa. Mu a garka gari muke ce wa cutar nan. Kafin mako ya zagayo, fangali goma sha biyu sun zama kamar an zazzage buhun fulawa a kansu. Na goyo pompon feshi na yi ta fesa magani, ya lafa kwana biyu ya dawo, don maganin ba ya ma isa cikin dajin da na gina. Ganye ya fara rawaya. A nan na yi wautar da ta fi duka: na ce yunwa ce, na ƙara ire. Sabon toho ya fito mai laushi, cutar ta tarbe shi tun yana ƙarami. Ganye ya bushe ya riƙa karyewa kamar takarda, ƴaƴan da suka samu fitowa rana ta ƙona su, ƙanana, a lanƙwashe, wasu da ɗaci.

Hajiya Fati, mai sarin kayan salati da ke kai wa matan unguwar Tallaje, ta zo da manyan tasoshinta uku. Ta ɗaga ɗaya ta juya ta. Ta ce, "Illa, wannan kokwamba ce ko ƙugiyar rataye riga?" Ta gutsura, ta tofar. "Sai haƙuri, ɗana. Ni masu sayena da haƙora suke ci, ba da tausayi ba." Ta wuce garkar Baba Hamani. Shi ma garin ya taɓa nasa, ɗigo nan ɗigo can a tsofaffin ganye, amma shukar na tsaye tana zuba ƴaƴa. Iska ɗaya, kogi ɗaya, iri ɗaya, shinge kawai ya raba mu.

Da yamma Saidu ya zo da igiyar awo a hannu. A gabana ya ce wa mahaifinsa, "Baba, ka gani dai. Mutumin kirki ne, amma direba ne." Tsoho ya daɗe yana kallon fangalin. Ya ce, "Saura shuka ɗaya kafin zafi. In azumi ya kama Hajiya Fati ba ta cika tasa a nan ba, Saidu, kawo masu birkinka." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, in kunnenka ya gama hutawa, ka sa shi aiki."

Washegari na tuge komai. Na kwashe har ganyen da ya faɗi, na kai nesa na ƙone. Sannan na ɗauki ganye biyu a leda, nawa ɗaya da na rage da na Baba, na je wurin wani malamin gona da ke zagayo wa masu garka. Ya sa su a tafin hannunsa ya ce in taɓa. Nawa laɓo-laɓo, na Baba kuwa da kauri, da kaushi kamar harshen kyanwa. Ya ce cutar fumfuna ce, iska ke yawo da ƙwayoyinta, babu garkar da ba ta sauka. Ya ce, "Ba ire ya kawo ta ba. Ire buɗe mata ƙofa ya yi, ya shimfiɗa mata tabarma. In ya yi yawa, ganye na girma da gaggawa, fatarsa ta yi siriri, cikinsa ya cika ruwa, fumfuna ta huda ba wahala. Ga cunkoso, ba iska, ba rana." Na tambaye shi zancen toka, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce toka na da fotas, mai ƙarfafa jikin shuka, buntun shinkafa kuma na da wani sinadari dangin yashi, wanda kokwamba ke sha ta kai fatar ganye ta yi tauri. Ya ce amma kada in haɗa toka da ire lokaci guda, ƙarfin iren zai bi iska. Ya kuma ja mini kunne: kada in ce don na ƙone zan bar ta da yunwa, shukar da ta rame wata cutar ce ke kayar da ita, mai sa ganye tabon rawaya. "Abinci daidai ba ya hana ta zuwa," in ji shi, "yana hana ta zama."

Na koma gida na ɗauki ragowar buhun ire na ajiye gaban Rabi. Na ce, "Ki riƙe. Ko na yi kuka kada ki ba ni sai da awo." Ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ɗauko ƙaramin gwangwanin tumatir ta ce, "Wannan ne mudunka." Tun da aka kafa Bukoki ba a taɓa yin ma'aji mai taurin rai kamar matar nan ba.

Shuka ta biyu na yi ta kamar mai ɗinkin rigar sallah. Na koma fangalin da aka cire salati da albasa, na ƙara da biyu daga tsofaffin, goma ke nan. Na roƙi Baba taki daga raminsa, ya ba ni, bayan ya sa na faɗa da bakina gaban mutane uku cewa Bazabarme ya fi Bagobiri hankali. Na cuɗa takin da ƙasa, na bi da tokar buntu da na ƙona da hannuna, na yi ban ruwa na bar su mako guda. Sannan ɗan angire kanz-kanz, wanda ke da abinci iri uku a haɗe. Na buɗa tazara, tsakanin rami da rami kamu uku, rami ɗaya shuka biyu. Ire kuwa sai a mako na uku, rabin gwangwani a fangali, nesa da gindi, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa. Sai kuma wani rabin in fure ya fito.

Abin da ya fi arozuwar nauyi shi ne safiya. Masu garka su wuce, su leƙa, su ce, "Taksi, ina kwana," su yi gaba. Ba mai cewa ganye ya yi. Ganyen kore ne dai, amma irin koren talaka, matsakaici, kana ganin ƙasa ta tsakaninsa. Na roƙi Rabi ƙarin gwangwani ɗaya. Ta ce, "Je ka roƙi masu birki aiki tun yanzu, ka huta."

To a nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa mata ba sai da shekara ta juyo. Na bi ta kasuwa na sayi ire tiya guda a ɓoye. Fangali biyun nan na ƙarshe, na can gefe, na riƙa ba su kamar da. Na ce gwaji nake, amma gaskiya kunnena ne ke ƙaiƙayin yabo. Suka tashi suka yi duhu, wani mai wucewa ya ce, "Yawwa, waɗannan biyun sun yi." Na ji daɗi na kwana tara. A na goma gari ya sauka, kuma a kansu ya sauka. Kafin in yi wani tunani sun yi fari fat, ɗigo ya fara tsallakawa na kusa da su.

Ranar kuwa Saidu ya zo da mutumin birki, yana nuna masa inda mota za ta riƙa juyawa. Ya hango farin ya ce, "Baba, ga shi nan kuma." Na shiga fangali biyun na tuge su da hannuna, mafi kyawun ganyen da ke garkar, da furanninsu da ƙananan ƴaƴansu, na cusa a buhu. Baba Hamani ya bi sauran takwas ɗin a hankali, yana juya ganye, yana murzawa. Ya ce, "Waɗancan biyun me ka ba su?"

Na ce, "Abin da ka sani."

"Waɗannan fa?"

"Abin da ka ce."

Ya ce wa Saidu, "Azumi na ce. Saura kwana goma sha biyu. Mai birki ya sha ruwa ya tafi."

Kwana goma sha biyun nan ban san zama ba. Kullum da sanyin safiya ina bin shuka ɗaya ɗaya, duk tsohon ganyen da ya nuna ɗigo in tsinke in sa a buhu, ba na yar da shi a fangali. In rana ta yi sanyi in fesa farar wuta, sama da ƙasan ganye, don in ka fesa ta da zafi ita ma ƙuna take yi. Yanzu maganin yana isa ko'ina, tunda babu daji. Garin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma tabon sai ya tsaya ƙarami, ya kasa yaɗuwa, kamar baƙon da aka ƙi kawo wa ruwa. Sabon ganye na fitowa da kaushinsa, ƙudan zuma na aikinsu, ƴaƴa suka fara kwanciya a ƙasa, miƙaƙƙu, masu nauyi.

Ran da aka ɗauki azumi Hajiya Fati ta zo da tasoshinta. Ta karya ɗaya, ƙarar ta kai Tallaje, ta duba cikin, ta shinshina tunda ba halin gutsura. Ta ce, "Wa ya noma maka?" Na ce, "Matata da gwangwanin tumatir." Ta cika tasa uku, ta ce jibi za ta dawo da huɗu. Fangali takwas suka yi ta ba mu har bayan sallah. Saidu da kansa ya zo ya ɗauki rabon gida, ya tsaya ya ce, "Illa, na janye igiyata." Na ba shi manya guda biyar a kai, na ce ya kai wa mai birki ya yi buɗa-baki.

Yau shekaru sun tafi, fangalina sun fi ashirin, kuma har yanzu gari na zuwa duk sanyi, muna gaisawa. Har yanzu buhun ire na ƙarƙashin gadon Rabi. Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, kafin ya taɓa iri sai ya yi wata guda yana ƙona buntu yana juya taki, in ya gudu na san na rage wa kogi ɓarna. In kun ga wani ya tsaya yana cewa ganye ya yi, ku gode masa, sannan ku sunkuya ku murza ganyen da yatsa.

Bayan sallar waccan shekarar da mako guda, ina wanke arozuwar, sai ga Baba Hamani yana tafe da wani abu a leda baƙa. Ɗan dashen lemun tsami ne, bai kai kamu biyu ba. Ya ajiye gabana, ya nuna kusurwar yamma da sanda. Na dubi lemun, na dube shi. Na ce, "Baba, ai ka ce ko zogale."

Ya ce, "Na ce. Yi rami."

Na yi rami, na sa taki, na sa toka. Yana tsaye a kaina har na gama. Da ya juya zai tafi sai ya waiwayo ya ce, "Kai Bagobiri. In na ji ka ba shi ire da tafi, ko ina kabari sai na taso."

Baba ya rasu shekara huɗu bayan haka. Lemun ya fi bukkata tsawo yanzu, a inuwarsa nake rubuta muku wannan. Tsaminsa kuwa, sak bakin wanda ya ba ni shi.